Yadda ake koyar da labarin halitta a ajin binciken Littafi Mai Tsarki a zangon Kumasi

Wanda aka ɗora wa ajin bincike a Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zango ya san irin mutanen da ke zama gabansa. Akwai 'yan Frafra, da Kusasi, da Dagaba, Hausar zango ce ta haɗa su, yaransu kuma sun fi sakewa da Twi. Da yawa gida ɗaya suke da 'yan'uwa Musulmi. Kowannensu yana ganin ya san labarin halitta tun yana ƙarami, kuma nan wahalar take, domin wanda yake ganin ya sani ba ya saurare. Aikinka, malam, shi ne ka sa su ji nassin kamar yau suka fara jinsa, su gano da kansu abin da yake faɗa game da Allah. Idan ka buɗe aji da wa'azi, ko da gardamar kimiyya, ka rasa su tun a minti goman farko.

Ka raba darasin zama uku, kowanne kamar awa ɗaya da kwata. Zama na farko Farawa 1:1 zuwa 2:3. Kada ka tsaya a ƙarshen sura ta 1, domin kwana na bakwai yana cikin ayoyi uku na farkon sura ta 2. Lambobin surori daga baya aka sa su, kuma a nan sun yanke labarin kafin ya ƙare. Zama na biyu 1:26-28 tare da 2:4-25. Na uku na tambayoyi ne.

Kayan aiki ba su da yawa: Littafi Mai Tsarki ɗaya ga mutum biyu ko uku, allo da alli, kwanoni huɗu, ƙwayar wake cikin tafin hannu, da dunƙulen yumɓu domin zama na biyu. In da yamma ne, ka zo da fitila mai caji saboda dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki. In aji ya wuce mutum goma sha biyar, masu kunya za su yi shiru har a tashi, sai ka raba shi biyu.

Zama na farko: a karanta, a ƙirga

Mutum ɗaya mai murya ya karanta ayoyi 34 ɗin gaba ɗaya, a tsaye, ba tare da an katse shi ba. Minti shida ya isa. Karatun karɓa-karɓa, aya ɗaya ga kowa, yana kashe wannan nassin, domin kowa yana jiran layinsa, ba ya jin yadda kalmomi ke dawowa kamar amshin waƙa.

Sai a sake karantawa, wannan karon da aiki. Ka raba aji ƙungiya huɗu, kowacce da kwano da wake. Ta farko ta jefa ƙwaya duk sa'ad da ta ji “Allah ya ce”. Ta biyu, duk inda Allah ya ga abin yana da kyau. Ta uku, maraice da safiya. Ta huɗu, sa albarka. Abin da ya kamata a samu: goma, bakwai, shida, uku. Ka ƙirga a fassarar da ke hannunka tun a gida, domin a aya ta 22 wasu fassarori suna sa “ya ce” bayan albarkar, sai ƙirgen ya zama goma sha ɗaya. Ba kuskuren aji ba ne, kada a ɓata lokaci a kai.

Daga waken nan darasin zai fito. Ka tambayi ƙungiya ta farko da wane kayan aiki Allah ya yi aikin. Babu gatari, babu mai taya shi, babu wanda ya nemi izininsa. Magana ya yi, abu ya kasance. Ka sa a buɗe Zabura 33:6 da 9, da Ibraniyawa 11:3, su tabbatar. Ƙungiya ta biyu ta nemo inda ƙwayoyinta bakwai suka faɗa: aya ta 4, 10, 12, 18, 21, 25 da 31. Kwana na biyu bai samu ko ɗaya ba, na uku ya samu biyu, na shida biyu, ta ƙarshe kuma ta ce yana da kyau ƙwarai. Ƙungiya ta uku za ta lura kwana na bakwai ba shi da maraice da safiya. Albarka uku kuwa sun sauka a kan kifaye da tsuntsaye (1:22), da mutum (1:28), da rana ta bakwai (2:3).

Yanzu ka koma allo. Aya ta 2 ta ce duniya ba ta da siffa, kuma wofi ce. Matsala biyu ke nan, sauran surar amsarsu ce. Ka ja layi a tsakiyar allo. A hagu ka rubuta kwana na 1, haske da duhu. Na 2, sarari da ruwayen sama da na ƙasa. Na 3, sandararriyar ƙasa da tekuna da tsire-tsire. Hannun dama ka bar wa aji su cika: kwana na 4, rana da wata da taurari, daura da na 1, na 5, tsuntsaye da kifaye, daura da na 2, na 6, dabbobi da mutum, daura da na 3. Kamar magini ne da ya gama ɗakuna uku kafin ya shigo da masu zama. Kusan kullum wani zai sa rana a kwana na farko, ko ya kai itatuwa kwana na shida. Kada ka gyara da bakinka, ka ce ya karanta ayar da ƙarfi.

Akwai abu ɗaya da ya cancanci minti goma shi kaɗai. A ayoyi 14 zuwa 18 ba a kira rana da wata da sunansu ba, babban haske da ƙaramin haske kawai aka ce, taurari kuma aka ambace su a gajarce kamar an tuna da su ne a hanya. Maƙwabtan Isra'ila, Masar da Babila da Kan'ana, suna yi wa waɗannan sujada. Nassin ya mai da su fitilu masu aikin raba dare da rana da ƙirga lokatai. A labarin Babila da aka samu a allunan yumɓu a Nineba, allahn nan Marduk sai da ya yi yaƙi da Tiamat, allahiyar teku, ya tsaga gawarta biyu ya yi sama da ƙasa, aka kuma yi mutum da jinin wani allah da aka kashe domin ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. A Farawa babu yaƙi, manyan dodannin teku ma halittu ne (1:21), kuma Allah ne yake ba mutum abinci (1:29). Ga wanda ya taso yana tsoron wani kogi, ko dutse, ko kurmi, wannan ba tsohon labari ba ne. Ka bar su su ambaci abubuwan da ake tsoro a garuruwansu, sa'an nan su nemo ranar da aka halicci kowanne a allon.

Zama na biyu: yumɓu da numfashi

Kafin karatu ka nuna musu cewa sunan ya canja. Sura ta 1 “Allah” take cewa, daga 2:4 kuma “Ubangiji Allah”. Na farko yana nuna Maɗaukaki mai umarni, na biyu ya haɗa da sunan da ya bayyana wa Musa a Fitowa 3. Ka miƙa yumɓun ya zaga hannu hannu yayin da ake karanta 2:7. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a nan ta maginin tukwane ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin masu ginin tukwane na unguwar Pankrono a Kumasi ya san aikin nan sai an sunkuya, hannu ya ɓaci. Wanda ya yi taurari da magana, shi ne ya sunkuya ya hura wa mutum numfashi a hanci. A Ibrananci mutum “adam” ne, ƙasa kuma “adama”, kusan kalma ɗaya. Idan aji ya riƙe sura ta 1 kaɗai, zai ga Allah mai nisa. Idan ta 2 kaɗai, zai raina girmansa. Shi ya sa ba a koyar da ɗaya a bar ɗaya.

Maganar siffar Allah a 1:26-27 tana bukatar taka-tsantsan a zango, domin maƙwabci zai iya ɗauka ana cewa Allah yana da jiki irin namu. Ka faɗa a fili cewa ba haka ba ne: Yohanna 4:24 ta ce Allah Ruhu ne, Ishaya 40:18 kuma ta tambaya da wa za a kwatanta shi. Sarakunan zamanin dā sukan kafa siffarsu a lardi mai nisa domin a san mai ƙasar. Mutum wakili ne irin wannan, an sa shi ya riƙe duniya a madadin Mai ita. Abin lura, ba sarki kaɗai aka ba wannan daraja ba, namiji da mace ne duka. Yakubu 3:9 ta kafa hujja da wannan ta hana zagin mutum. Ka tambayi aji yadda ake yi wa 'yan mata masu dako magana a kasuwar Kejetia, ka ba su lokaci su amsa.

Kurakurai uku sukan taso a nan. Wani zai ce maza sun rasa haƙarƙari ɗaya. Namiji da mace duka guda 24 suke da su, 12 a kowane gefe. Wani zai ce “mataimakiya” a 2:18 tana nufin baiwa ko 'yar aiki. Kalmar nan ita ce ake faɗa wa Allah kansa a Zabura 33:20 da 121:2, ba wanda zai ce Allah yana ƙarƙashin wanda yake taimako. Na uku, za a kira matar Hauwa'u tun a sura ta 2, alhali sai a 3:20 ta sami sunan. Ka kuma sa su lura cewa a 2:18 ne aka fara jin “bai yi kyau ba”, bayan kyau sau bakwai, kuma kaɗaici ne abin da bai yi kyau ba, tun zunubi bai shigo ba.

Kada ka karanta mulkin da ke 1:28 ba tare da 2:15 ba, inda aka sa mutum a gonar ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mutanen Kumasi ba sa bukatar dogon bayani: sun ga launin kogin Offin da Pra bayan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun ga ledar da ta cika rafin Aboabo da Subin. Aiki ma ya riga faɗuwar mutum, saboda haka noma da dako da ɗinki ba la'ana ba ne.

Zama na uku: tambayoyin da ba sa fashi

Tun zama na farko ka ajiye takarda a rubuta tambayoyi, ka ce sai na uku. In ba haka ba, mutum ɗaya mai son gardama zai cinye awar.

Ta farko kullum ita ce: Allah yana gajiya ne da zai huta? Sau da yawa daga gida aka zo da ita, domin Alƙur'ani, a Suratu Ƙaf aya ta 38, ya ce an halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida ba tare da wata gajiya ba. Amsar ba ta bukatar faɗa. Ishaya 40:28 ta ce Mahalicci ba ya suma, ba ya gajiya. Kalmar Ibrananci a 2:2 ita ce “shabat”, ma'anarta dainawa, kamar tela da ya ajiye almakashi domin rigar ta kammala. Mai kaifin ido zai kawo Fitowa 31:17, inda aka ce ya wartsake. Ka bayyana cewa magana ce irin ta mutane, kamar yadda ake cewa hannun Allah. A kan cewa Allah ɗaya ne ya yi kome da umarninsa, kai da maƙwabcinka ba ku da saɓani, ka faɗi haka. Inda aka rabu, kamar Yohanna 1:1-3 da Kolosiyawa 1:16 da suke cewa ta wurin Kalman, wato Almasihu, aka yi kome, shi ma ka faɗa ba ɓoye-ɓoye, ba kuma da tsokana ba.

“Bari mu yi mutum” na 1:26 fa, su wa ke nan? Masana sun ba da amsa uku: jam'in girma irin na sarauta, ko Allah yana magana a gaban mala'iku, ko alamar Triniti. Ka kawo duka ukun, ka nuna aya ta 27 ta koma “ya halitta”, tilo ba jam'i ba. Kada ka ɗora wa kalma ɗaya kayan da Sabon Alkawari ne ya ɗauka.

Ɗaliban sakandare za su tambayi tsawon kwanakin, da yadda haske ya riga rana. Ka nuna musu kalmar Ibrananci “yom” tana nufin hasken yini a 1:5, da kwana guda a ayar nan dai, da dukan lokacin halitta a 2:4. Masu bi na gaskiya sun bambanta tun dā: Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, yana ganin an yi kome a lokaci guda, wasu suna riƙe da kwana shida na awa 24, wasu suna ganin dogayen zamanai ne. Shekarar 4004 kafin haihuwar Almasihu da ake gani a gefen wasu tsofaffin bugu lissafin Babban Bishop James Ussher ne na 1650, ba ta cikin nassin. Ka faɗi matsayin ikkilisiyarku, amma kada ka sa yaro ya ɗauka dole ya zaɓa tsakanin bangaskiyarsa da jarrabawarsa.

Saura maganar Asabar da Lahadi, wadda a ƙasar Asante ba ta rasa mai tayar da ita, ga masu sujada ran Asabar da yawa, ga kuma al'adar kiran Allah Onyankopon Kwame, Kwame kuwa sunan namijin da aka haifa ran Asabar ne. Ka ba ta minti biyar: a karanta Fitowa 20:11, da Markus 2:27, da Ayyukan Manzanni 20:7, sauran a kai wa fasto a zama na musamman. Minti goman ƙarshe a karanta Zabura 104 ana amsawa, kana nuna kwanakin a allo ɗaya bayan ɗaya, domin zaburar ta bi kusan jerin nan, daga haske zuwa teku. Kada a goge allon sai an gama.