Yadda ake yi wa mai jawabi gyara

'Yan uwa, a ƙungiyar Toastmasters ta masu koyon jawabi a gaban jama'a, wadda aka kafa a Amurka a 1924, duk wanda ya gabatar da jawabi akan ware masa mutum guda da zai yi masa tsokaci cikin minti 2 zuwa 3, kuma a ganina tsarin ya cancanci koyi. Ku fara da abin da mai jawabin ya yi daidai, ku ambace shi takamaimai, sannan ku zaɓi gyara ɗaya tak. Maimakon ku ce ba shi da ƙwarin gwiwa, ku nuna masa ya riƙa ɗaga kai daga takarda yana duban mutanen sahun baya, domin muryarsa ta isa gare su. Idan kuwa yana katse mutane yayin jagorantar taro, ku keɓe shi ku faɗa masa.