Babi na Shida: Tanadin Ruwa

Darasi na 1

A karanta da ƙarfi, sannu a hankali. Wanda wata kalma ta ba shi wuya ya sake ta, ba abin kunya ba ne.

A arewacin Indiya akwai wani yanki mai tsaunuka, sunansa Ladak. Ruwan sama kaɗan ne a can, da ƙanƙarar da ke narkewa daga duwatsun Himalaya mutanen yankin suke noma. Yanzu duniya ta ƙara zafi, ƙanƙarar tana raguwa, ruwa ba ya isowa lokacin shuka. Sai wani injiniya mai suna Sonam Wangchuk ya kawo dabara. Lokacin sanyi ana janyo ruwa ta bututu daga kan tudu, ya yi feshi sama, ya daskare ya zama tulin ƙanƙara mai tsini kamar rumbu. Idan bazara ta zo sai ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, a shayar da gona.

Mu a Sakkwato ba mu da ƙanƙara. Damina muke da ita, wata huɗu in ta yi kyau, sai dogon rani, don haka mu ruwan sama za mu tanada.

Darasi na 2: Tarar ruwan indararo

A wanke duro ko randa da sabulu, a ɗauraye. Kada a kai shi ƙarƙashin indararo tukuna.

Idan ruwa ya sauko, a bar na farkon ya zube ƙasa. Ruwan farko shi ke wanke kwanon rufi: ƙurar hunturu, kashin tantabaru, matattun ƙwari. A duba launinsa. In ja ne ko baƙi, a jira. Sai ya yi fari tas sannan a tura duro. Mu maimaita tare: ruwan farko ba na sha ba ne. Madalla, kuna ƙoƙari.

Amma 'yan uwa, kowace shekara nan ne ake kuskure. Da an ji yayyafi sai Hajiya ta aika yara da bokitai a guje. Haba! Gaggawar me ake yi? Sai yaro ya kama gudawa a ce iska ce. Ku rubuta a littafinku sau uku: a bar ruwan farko ya wuce.

Darasi na 3: Murfi

A rufe duro ruf, don sauro a ruwan da aka bari buɗe yake ƙwai. Moɗa ɗaya ake ɗiba da ita, kada a ajiye ta ƙasa. Ruwan da za a sha, a tafasa shi.

Darasi na 4

A duba gindin duro ko yana yoyo. In yana yi, a kai wa mai walda.