Kurakuran da masu yi wa tsohuwar mota fenti da kansu suka fi yi

Da zarar azumi ya raba tsakiya za ka fara ganinsu a unguwannin Bauchi, tun daga Yelwa har Fadaman Mada: tsohuwar Golf, ko Civic, ko 406, an faka ta a ƙofar gida, an lulluɓe gilasanta da jarida, mai ita da ƙannensa sun duƙufa a kai, so ake a je idi da mota fes. Ba na ganin laifin kowa. Kuɗin da masu fenti ke faɗa yanzu ya fi ƙarfin mai jiran albashi, kuma mutum ya gyara abinsa da hannunsa abin yabo ne. Abin da ya ishe ni shi ne kurakuran ba sa canzawa. Na bana su ne na bara, kafin damina ta fita motar ta koma abin tausayi, kuɗi kuma sun tafi.

Babban cikinsu shi ne lafta fila, wato kwaɓin da ake cike lotsar jikin mota da shi, a kan tsatsa. Mutum ya ga ƙasan ƙofa ya ci, ko bakin madigadi ya yi ja, sai ya ɗan goga sanfefa sama-sama, ya kwaɓa fila ya shafe wurin, ya goge ya yi sumul, ya fesa fenti. A ranar kowa sai ya yaba. To amma tsatsar ba ta mutu ba, rufe ta kawai aka yi. Ita fila tana shan ruwa, ruwan kuwa ta bayan ƙarfen yake shigowa, ta 'yan ƙananan hudojin da tsatsa ta riga ta yi. Tsatsa in tana ci kumbura take yi, sai ta ɗago filar, fentin ya fara fitar da ƙuraje, ya tsage, ya ɓare. Wannan ya taɓa cinye mini kuɗin aiki gaba ɗaya a kan wata Golf 3 da nake ji da ita. Damina ɗaya ta isa. Da na sa sukudireba na ɓamɓare ƙasan ƙofar direba, filar ta faɗo ɓari guda, bayanta jiƙe, ja wur, hudar da a da ɗan yatsa ba ya shiga ta zama hannu yana wucewa. Kuɗin fenti sau biyu, ga na walda da ya ninka.

Tun daga nan ba na sassauci a wannan wuri. Duk inda na ga ja sai na kankare shi da buroshin ƙarfe a giranda, ko da sanfefa mai lamba 80, har ƙarfen ya fito fari tas, in kuma wuce iyakar tsatsar da faɗin yatsu biyu, domin tana rarrafe a ƙarƙashin fentin da ake gani lafiya lau. In ya hude, mai walda ne maganinsa: a yanke ruɓaɓɓen, a yi faci da sabon ƙarfe. Masu cusa raga, ko kwali, ko yankin gwangwani su shafe da fila, ku ji tsoron Allah, musamman in sayar da motar za ku yi. Bayan waldar kuma a shafa wa bayan facin fenti ko da na mai ne, don can ne ruwa ke kwana. Sannan ka duƙa ka dubi ƙasan kowace ƙofa, akwai 'yan ramuka da kamfani ya bari don ruwa ya fita. Ƙurar hunturu kan taru ta toshe su, ruwan farko ya mai da ita laka, ƙofar ta riƙa ruɓewa daga ciki. Waya kawai za ka zura ka buɗe su, aikin da bai kai minti biyar ba, amma ba kasafai nake ganin mai yinsa ba.

Ita kanta filar ba a gina mota da ita. In wuri ya lotsa, kai wa fanel-bita ya bugo shi ya dawo kusa da yadda yake, fila ta cike ɗan abin da ya rage. Ni ba na barin kaurinta ya wuce milimita 3. In tsohuwar mota ce da ta sha hannu kafin ta zo gare ka, ciro maganaɗisu daga matacciyar sifika, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikinta da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce jibge a ƙasa, gara ka san da ita tun yanzu. Wurin kwaɓawa, hadina, wato maganin da ke sa ta daskare, kaɗan ake sawa, kamar kashi 2 cikin 100. In ka cika ta, tabonta kan ɓullo ta cikin farin fenti daga baya. A zafin Maris da Afrilu kuwa, kafin ka juya ta daskare a kan faranti, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Kada ka goge fila da ruwa. Kuma naɗa sanfefar a jikin ɗan katako mai shafaffen ciki, tafin hannu bin kwari yake yi, ba ya daidaita shi. Daga sanfefa mai kaushi lamba 80 ka koma 180, bayan ka fesa faraima, wato shafin da ake yi kafin fenti, ka sa 400, ka ƙare da masu laushi 600 ko 800. Wanda ya yi tsalle daga 80 zuwa fenti zai ga kowane ƙarce yana kallonsa ta cikin sheƙin. Dabarata ita ce in ɗan watsa baƙin fentin gwangwani sama-sama a kan faraimar, sannan in goge da katakon. Duk inda baƙi ya rage, kwari ne.

Na biyu kuma ba kuɗi yake ci ba, ƙirji yake ci, shi ya sa raina ya fi ɓaci a kansa. Kwanaki na tarar da wani yaron maƙwabtanmu a cikin gareji, ya ja ƙofa wai don ƙura, ya ɗaure hanci da hankici, yana fesa fenti mai hadina, garejin ya turnuƙe ba ka ganin bango. Na finciko shi waje, idanunsa jawur, yana tari. Ce mini ya yi, "Kawu, ai na sayi madara, in na gama zan sha ta wanke." Na ce masa, "Kai yaro, madarar ciki za ta, abin da ka shaƙa kuwa huhu ya tafi. Wa ya ce maka hanyarsu ɗaya?" Wannan zancen madara ya daɗe yana cutar masu sana'ar nan. Hadinar fentin mota tana ɗauke da sinadarin da ake kira aisosayanet, wanda ke jawo ciwon asma, kuma in jiki ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ka shaƙa nan gaba numfashi zai toshe. Hankici ba ya tare shi, takunkumin asibiti ba ya tare shi, na ƙura ma haka. Mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi shi ne takunkumin roba mai matatar gawayi biyu, sababbi, wanda ya kama fuska ba ya yoyon iska, kuma a wurin da iska ke shiga tana fita. In kuɗinka bai kai na takunkumi ba, to bai kai na fenti ba, ajiye aikin. Kuma don Allah a kori yara daga wurin. Su ne ke zagaye mota suna kallo, su ne ƙirjinsu ya fi rauni. A tabbata ba a hura murhu kusa, ba janareta a gefe, ba mai sigari, domin tururin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, da ƙyas ɗaya yake kamawa.

Sai lokaci. Mu a nan ba kowane wata ne na fenti ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, ƙurar da ba ka gani ita ce za ta kwanta a kan ɗanyen fenti, ka shafa ka ji kamar sanfefa. Da bazara jikin mota a rana ba ya taɓuwa, fentin kan bushe tun a iska kafin ya sauka, ya fito gurji-gurji ba sheƙi. Tsakiyar damina kuma laima kan sa ya yi fari-fari kamar ya dushe. Ni kaka nake jira, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba. Ina farawa da hantsi kafin iska ta motsa, a rumfar da na kewaye da tamfol, na yayyafa wa ƙasa ruwa. Gindin darbejiya akwai inuwa, amma akwai ganye da tsuntsaye, kada ka yarda. In zafi ya kama ka dole, nemi tina mai jinkirin bushewa.

Masu aron kwamfiresa wurin mai faci, ku ma ku saurara. Iskar da ke cika taya ba ruwanta da tsabta, tankin cike yake da ruwa da ɗigon mai, kuma duk sai sun biyo tiyo sun fito ta bindigar fentin. Su ne ke haifar da 'yan ramukan nan masu zagaye da ke buɗewa a fenti tun yana ɗanye. Kwance noti na ƙasan tankin ruwan ya tsiyaye kafin ka fara, ka ɗaura matatar ruwa kusa da bindigar. Man goge dashbod da na sa taya ƙyalli su ma haka suke yi, don haka a wanke motar da omo sosai kafin sanfefa ta taɓa ta, ba bayan ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Fetur ba tina ba ne, kada ka sirka fenti da shi. Gwada tsohon fentin da tsumma mai tina a wani lungu. In ya narke ya biyo tsumman, sabon zai yamutsa shi, sai an kankare. Awon hadina yana rubuce a jikin gwangwani, bi shi da kofin awo, ba da ido ba, kuma abin da ka haɗa ba ya kwana. Bambar roba tana da nata faraima daban. Hannun ƙofa, da fitilu, da lamba, kwance su ya fi manne su da tef. Bindiga ta tsaya kamar santimita 15 zuwa 20 daga jiki, kowane layi ya hau rabin na baya, a bar minti 10 zuwa 15 tsakanin shafi da shafi. Mai son gamawa a shafi ɗaya shi ne fentinsa ke zuba hawaye. Kafin ka taɓa motarka, sayi tsohuwar ƙofa wurin 'yan gwangwan ka koyi hannu a kanta.

Wurin launi ma ana asarar kuɗi a banza. Lambar fentin motarka tana jikinta: a Toyota da Honda duba takardar da ke manne a dogaran ƙofar direba, a Golf kuma cikin but, kusa da safaya. A Toyota 040 fari ne, 202 baƙi. Kai wa mai haɗa fenti lambar, ka sa ya haɗa maka duk abin da kake bukata a zubi ɗaya, don haɗi na biyu da wuya ya zo daidai da na farko. Mai ƙaramin aljihu kuma sabon hannu, ra'ayina ya tsaya a launi mara ƙyalƙyali. Mai ƙyalƙyalin nan na azurfa yana son gwanin hannu, in ba haka ba ya fito dabbare-dabbare, ga kuɗin kiliya, wato shafin sheƙi mara launi da ake fesa masa daga sama, a kai. Fari yana rufa asirin jikin da bai gama miƙewa ba, baƙi kuwa komai sai ya tona. In ka bar launinta na asali, ka huta da fesa cikin ƙofofi da ƙarƙashin bonet. In kuma ka nace sai ka canza, tuna launin yana rubuce a takardun motar, je ofishin lasin a gyara kafin a tsayar da kai a hanyar Jos ko ta Gombe ana tambayarka ta wace ce.

Akwai hanyar da nake nuna wa duk wanda ya zo mini da ƙaramin kuɗi: ya yi kankara, da fila, da faraima, da guga duk da hannunsa a gida, a hankali, ko da zai ɗauki makonni, sannan ya kai wa mai fenti ya biya kuɗin fesawa kaɗai. Yawancin ladan aikin fenti na wahalar shiri ne, wannan kuwa ka riga ka ɗauke masa. In ta dawo gida kada a rufe ta da tamfol a makon farko, zai manne ya bar shaida. Wanki da ruwa zalla da tsumma mai laushi, man goge mota kuma a dakata masa sai ta yi wata guda.