Masu zuwa Gurara, ku tafi da tsohuwar safa

'Yan uwa in za ku gangara gindin ruwan Gurara a jihar Neja, ku jefa tsohuwar safa mai kauri a jaka.

Da kun iso jiƙaƙƙun duwatsun nan, ku cire takalmi ku taka da safar kawai.

Silifas zamewa yake, ita kuwa safa zarenta na kama dutse, wallahi sai ka ji ƙafarka ta tsaya cak, ba sai ka sayi takalmin tsada ba.

Amma inda gansakuka ta yi kore shar safa ma ba ta aiki, ku kewaye. Cikin daji kuma a mayar da takalmi saboda ƙaya.

Da damina kam, wajen Agusta, ruwan na da ƙarfi sosai, don Allah kar ku sauka, ku kalla daga sama.