Yadda ake kafa asusun fansho na kai da kai a Ostireliya don sayen hannun jari a ƙasashen waje

A Ostireliya doka ta wajabta wa kamfanin da kake wa aiki ya zuba maka kuɗin fansho daidai da kashi 12 cikin ɗari na albashinka, tun daga 1 ga Yulin 2025. Yawancin mutane manyan kamfanonin fansho ne ke juya musu kuɗin. Wanda yake son riƙe akalar da kansa sai ya kafa asusun da ake kira SMSF, wato asusun fansho da mambobinsa ke gudanarwa da kansu. Da shi kana iya sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ko Japan kai tsaye, ka kuma kauce wa masu harkar giya, caca ko kuɗin ruwa.

Ka fara da zaɓen amintattu, wato waɗanda za su riƙe dukiyar asusun bisa amana. Mambobi ba sa wuce shida, kuma kowanensu dole ya zama amintacce, ko darakta a kamfanin da kuka yi wa rajista da hukumar ASIC mai rajistar kamfanoni don ya riƙe dukiyar. Ni kamfanin na fi so. Ko da wani mamba ya rasu ko ya fita, sunan da ke kan hannun jarin yana nan, kuma mutum ɗaya tal yana iya zama darakta. Daga nan lauya ya rubuta muku takardar amana, kowa ya sa hannu a takardar alƙawarin hukumar haraji ta ATO cikin kwana 21 da zama amintacce, ku yi rajista cikin kwana 60 da kafa asusun don samun lambar kasuwanci ta ABN da lambar haraji ta TFN. Sai asusun banki da sunan fanshon kawai, da adireshin lantarki na ESA wanda bayanan kuɗinka za su riƙa shigowa ta kansa.

Kafin ka sayi komai, rubuta tsarin zuba jarinka: kashi nawa zai tafi waje, me za ka yi idan darajar dala ta karkata, nawa za ka bari a banki don haraji. Doka ce ta nemi wannan takarda.

Wajen buɗe asusu a gun dillalin hannun jari, ka tabbata sunan fanshon ne a kai, ba naka ba. Idan Amurka za ka shiga, cika fom ɗin harajin Amurka na W-8BEN-E. In ba ka cika ba, za a zare kashi 30 daga ribar da kamfani ya raba; da shi kuwa kashi 15 ne. Asusun kansa yana biyan harajin kashi 15, wanda kan sauka zuwa 10 a kan ribar hannun jarin da ya haura shekara a hannunka kafin ka sayar. Ka adana shaidar kowane ciniki da farashin canjin ranar, domin a 30 ga Yuni za a kimanta komai da dalar Ostireliya, daga baya mai binciken kuɗi mai rajista ya duba, a biya ATO dala 259 na sa ido. Waɗannan kuɗaɗe na shekara-shekara kan cinye ribar ƙaramin asusu, don haka ka yi lissafi tun da wuri.

Kuɗin ba na taɓawa ba ne sai ka cika sharaɗi, galibi shekara 60 tare da yin ritaya. Ba a ranta wa ɗan'uwa daga ciki, komai tsananin buƙata.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan'uwanmu mai niyyar komawa gida. Dole ragamar asusun ta kasance a Ostireliya. Tafiyar wucin gadi har zuwa shekara biyu ba ta da laifi, amma in ka tattara ka koma Kano ko Yamai ɗungurum kana ci gaba da juya shi daga can, asusun na iya rasa matsayinsa, harajin ya hau zuwa kashi 45. In komawa na ranka, ka zauna da mai ba da shawara mai lasisi kafin ka sa hannu a takardar amana.