Darasi na 7: Ranar Intabiyun Aikin Direba

Shirin intabiyu tun jajibere ake yin sa, kuma da takardu ake farawa. Ka tanadi lasisin tuƙi wanda wa'adinsa bai ƙare ba (na shekara 3 ne ko 5, duba ranar a jikinsa), da takardar NIN mai lamba 11, da shaidar ƙaramar hukuma, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar kotu, da hoton fasfo guda 4. Kowace takarda a yi mata fotokwafi 2, a sa su a fayil. Kwafin ake bar wa ofis, ainihin takardar kuwa a nuna a koma da ita gida.

A nan ne da yawa ke tuntuɓe: sunan da ke lasisi ya saɓa wa na NIN. Can Muhammad Sani, nan Sani Mohammed. Mai tantancewa bai san ka ba, takarda yake gani, sai ya ajiye taka gefe. Idan akwai saɓani, ka faɗa da bakinka kafin a gano, ka nuna takardar rantsuwar da ta gyara shi. Ka kuma sanar da wanda zai tsaya maka tun da wuri, kada a kira shi ya ce "wa ke nan?"

Ka isa minti 30 kafin lokaci. Direban da ya makara ranar intabiyu ya riga ya amsa tambayar farko. Tufafi wankakku masu guga sun wadatar. Ka kashe waya, ka bar goro sai an fito.

Ka yi sallama, ka gaida kowa, kada ka zauna sai an ce bismillah. A gida sunkuyar da kai ladabi ne, amma a ɗakin intabiyu ana iya ɗaukarsa tsoro ko rashin gaskiya. Ka dubi mai magana, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. Ba sai ka durƙusa ba. Idan mace ce kuma ba ka musabaha da mata, ɗora hannu a ƙirji ka ce, "Barka da aiki, ranki ya daɗe."

Tambayar da ba ta cika wucewa ba ita ce: "Me kake dubawa kafin ka tada mota da safe?" Kada ka ce "komai da komai". Jero su: baƙin mai, ruwan lagireto, man birki, iskar tayoyi har da safaya, jak, fitilu da sigina, sannan takardun mota. Idan an tambaye ka hanya, faɗi wadda ka bi da gaske, da garuruwan da ke kanta, kamar Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna. Wadda ba ka sani ba, ka ce ba ka taɓa bin ta ba.

Kada ka ɓata sunan tsohon maigidanka, ko da ya cuce ka. Mai sauraro zai ƙiyasta abin da za ka faɗa a kansa gobe.

Galibi akan miƙo makulli a ce zagaya. Daidaita kujera da madubai, ɗaura bel, sannan ka tada. Gudu da gwaninta ba sa burge kowa a nan, natsuwa ake nema.

In an zo kan albashi, "duk abin da kuka ba ni" ba amsa ba ce. Bincika abin da ake biyan direbobi a irin wurin, ka faɗi adadi cikin ladabi, ka tambayi awoyin aiki da kuɗin kwana idan an yi tafiya. Wanda duk ya nemi kuɗi don ya sama maka gurbi, ka guje shi.

Aiki: rubuta cikakken sunanka yadda yake a kowace takardarka, ka kawo aji mu gwada.