Yadda Ake Ɗaura Burin Shekara a Kuma Kai Shi Gaci

Da farko ka zaɓi buri ɗaya, in ya yi yawa biyu. Wanda ya ce bana zai yi gini, ya yi aure, ya haddace Alƙur'ani, ya kuma koyi tuƙi, yawanci kafin watan Maris ya ajiye su duka.

Sai ka mai da burin adadi, ka sa masa rana. "Zan tara kuɗi" fata ne kawai. "Zan tara ₦400,000 in sayi keken ɗinki da kayan aiki kafin ƙarshen Disamba" shi ne abin da za a iya bin diddiginsa. Ka je kasuwa ka tambayi farashin da kanka, kada ka dogara da abin da ka ji bara, sannan ka ƙara ɗan wani abu a kai, don kayan da ka yi cinikinsu a Janairu da wuya ka same su haka a Disamba.

Wurin rabon lissafi ne aka fi yin tuntuɓe. Shekara mako 52 ce, amma ba duka ne naka ba. Akwai azumi da cefanensa, ɗinkin ƙaramar sallah, ragon layya, kuɗin makaranta a watan Satumba, ga biki da suna da gaisuwar mutuwa da ba sa sallama kafin su zo. Manomi kuma ya san daga shuka zuwa noman farko kuɗi fita suke yi, ba shigowa ba. Don haka ka ɗauki kalanda ka soke makonnin nan tun yanzu, ka yi lissafi da mako 40. Ka duba ranakun da kyau, domin shekarar Musulunci kwana 354 ko 355 ce, azumi da sallah suna zuwa da wuri da kusan kwana 11 duk shekara. Idan ka raba ₦400,000 gida 40, ₦10,000 ke nan a mako. Wanda ya raba gida 52 zai ga wajen ₦7,700, ya ji daɗi, amma da ya tsallake mako uku cikin azumi sai bashin kansa ya taru masa, ya ce abin ba zai yiwu ba.

In ₦10,000 ta fi ƙarfinka, ka rage burin ko ka tsawaita wa'adin. Kada ka ce Allah zai kawo, ka bar lissafin a karye.

Haka ake yi wa karatu. Mushafin bugun Madina shafi 604 ne, kusan kowane shafi layi 15. Mai son sauka sau ɗaya a shekara, shafi biyu a rana sun ishe shi, har da rarar kusan wata biyu. Mai hadda kuwa ya tsayar da layi uku ko biyar a rana, ya ware Alhamis da Juma'a don tilawar baya, kamar yadda makarantun allo suke hutawa a ranakun. Hadda ba tilawa zubewa take yi.

Bayan haka ka liƙa aikin a jikin wani abin da ba ka fashinsa. Karatu bayan sallar asuba, kafin a taɓa waya. Ajiya ranar da albashi ya shigo, ko da yammacin ranar kasuwa, kafin a yi cefane. Mai jiran abin da ya rage a ƙarshen wata ba ya samun komai.

Kuɗin kuma su yi nesa da hannu. Asusun banki na daban wanda ba ka karɓi katinsa ba ya fi wanda kake sayen katin waya da shi. Adashi ma yana aiki, amma ka san uwar adashin da 'yan zubin sosai. Idan abin da za ka saya zai riƙa kawo kuɗi, nemi kwasar farko. Idan tari kawai kake yi, ta ƙarshe ta fi tsare ka. Mai burin gini gara ya riƙa mai da kuɗin bulo ko rodi kaɗan-kaɗan. Ban da siminti: in ya daɗe a ajiye, musamman da damina, daskarewa yake yi.

Ka samu littafi, duk ranar Juma'a ka rubuta abin da ka yi a makon, ko da sifili ne. Mutum ɗaya ya isa ya san burin, wanda ba zai ji nauyin tambayarka ba. Idan mako ya kuɓuce, kada ka ninka na gaba. Raba giɓin a kan makonni huɗu masu zuwa. Duk bayan wata uku kuma ka koma kasuwa ka sake jin farashi, ka gyara adadin mako daidai da abin da ka tarar.